Babo Ragib da Awon da Na Shafe

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, Ragib Karalić, a gidansa da ke ƙauyen Bukovik, yana da shekara saba'in da takwas a duniya. Bai yi jinya ba. Ya sha gahawarsa, ya fita ya zauna a kan kututturen da ke bakin gareji. Matarsa Munevera, wadda duk gidan muke kira Nana, ta leƙa ta taga tana yi masa faɗa ya fita ba hula. Da ta ji bai rama ba, ta san ba lafiya. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa, kowa da ranarsa. An sallace shi washegari bayan azahar, aka kai shi makwancinsa kusa da yayansa Hamdo.

Ni ce Azemina, matar ɗansa Nusret. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a gidansa, ina kiransa Babo kamar yadda 'ya'yansa suke kiransa. Ban saba rubutu ba, Babo, ka fi kowa sani. Amma akwai labarin da duk Bukovik ta haddace a kanka, ana ba da shi ana dariya: wai kai, mai waldar da ya yi shekara ashirin da bakwai a masana'antar ƙarfe ta Zenica, ka shafe awon motarka da hannunka saboda mantuwa, shi ya sa take tafiya a karkace. Labarin nan ƙarya ne. Mu biyu muka san haka, yanzu saura ni. Na ɗauki alƙalami don in mayar maka da sunanka, ko da hakan zai jawo mini rasa matsayin da ka saya mini a gidan nan.

Bari in fara da motar, don in ban fara da ita ba za ka ce na fara da wutsiya.

Ta Hamdo ce, ma'aikacin gandun daji. Tsohuwar jif ƙirar zamanin Yugoslaviya, koriya, mai rufin tamfol, mai hawa inda doki sai ya tsaya ya yi shawara. A shekarun yaƙi ita ta riƙa ratso dutse da garin alkama, ita ta sauko da marasa lafiya da masu naƙuda. Hamdo bai ga ƙarshen yaƙin ba. Motar ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin bishiyar tuffa, kaji suna ƙwai a kujerar baya, ciyawa ta huda ƙasanta ta fito. Ba ka bari a taɓa ta ba, ba ka kuma taɓa ta ba, sai a bazarar da aka kawo ni gidan. Ban san abin da ya motsa ka ba. Nusret ya ce da ka ga gidan ya sake cika ne hannunka ya fara ƙaiƙayi.

Ka kira gayya. Maza takwas da dogayen sanduna biyu suka ɗaga bodin suka ɗora shi a kan ganga huɗu a tsakar gida, Nana ta cika musu ciki da pita, gasasshen abincinmu na siririn kwaɓin fulawa da ake naɗe dankali a ciki. Abin da ya rage shi ne shasi, dogayen ƙarafan nan biyu da gajerun da suka gitta tsakaninsu, waɗanda inji da bodi da tayoyi duk a kansu suke dogara. Aka tura shi gareji, aka ɗora a kan kututtura. Ina wanke-wanke ina jin ka kana bin sa da ƙaramar guduma, taƙi bayan taƙi. Inda ƙarfen ya amsa da ƙara mai kyau ka wuce, inda ya amsa a toshe ka zagaye da alli. Gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara da lakar dajin da ta kwanta a cikin ƙarfen sun cinye bayan gaba ɗaya. Akwai wurin da ka danna sukurudireba ta shige har mariƙi. Tsatsar da ka kankare kaɗai ta cika bokiti biyu.

Amija Ekrem, wato baffa Ekrem, maƙwabcinmu kuma abokin tsiyarka tun kuna makaranta, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo.

"Ragib, wannan fa ba mai walda take nema ba, liman take nema."

"Kai ma haka likita ya ce a kanka bara," in ji ka, "ga ka nan kana ƙarar mini da gahawa."

Kafin ka yanke ko taƙi ɗaya, ka yi kwana uku kana awo. Wannan daga baya ka bayyana mini, lokacin da sanin bai da sauran amfani. Ka ɗaure ɗan ƙarfe mai tsini a zare irin na magina. Daga kowace hudar noti, daga kowane kunnen sifirin, sai ka saki zaren, inda tsinin ya taɓa siminti ka yi alama da alli. Sannan ka bi alamomin da tef, ta tsaye da ta kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta lambobin a bango da fensirin kafinta. Dalilin wannan wahala shi ne Hamdo ya taɓa dukan kututture a daji, wani maƙeri ya miƙe shasin da ido, aka sake huda bodin ya bi shi. Tun daga ranar hagun motar da damanta ba ɗaya ba ne, kuma babu littafi ko wata mota da za ta gaya maka yadda take. Abin da ke ƙasan garejin nan da bangonsa shi kaɗai ne shaida. Da ka gama ka yanke ruɓaɓɓen, masu yawon sayen tsohon ƙarfe suka kwashe shi. Kafin azumi ya ƙare shasin ya rabu gida uku.

Ni a lokacin wata biyu nake a gidan. Daga gabas aka koro mu lokacin yaƙin ina 'yar shekara takwas, mahaifina bai biyo mu ba har yau, mahaifiyata ta rasu a ɗakin haya a Zenica, na ƙarasa girma a hannun wata gwaggo da ita ma da ƙyar take riƙe kanta. Nusret ya koma aikin gininsa a Sloveniya mako uku bayan biki. Nana kuwa wata daban ta so wa ɗanta, ba ta kuma ɓoye ba. Ba muguwa ba ce, Allah Ya sani, amma harshenta ba ya kwana. Takan shafa yatsa a saman ƙyaure ta duba. In na murza kwaɓin pita ya yage, sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Na wasu ana karanta jarida ta cikinsa, naki kuwa ana miƙo jaridar ce gaba ɗaya." Kai kaɗai kake cinye nawa ka nemi ƙari, alhali na san ya yi tauri.

Ranar jajiberin ƙaramar sallah Nana ta tafi gidan ƙanwarta gasa baklava, kayan zaƙin sallah, don tandar can ta fi girma. Kafin ta fita ta ce mini, "Daga bakin ƙofa har katangar baya, kada idon baƙo ya sauka a kan datti." Kai kuma ka hau bas zuwa Travnik neman farantin ƙarfe da sandunan walda. Na share, na wanke, na kwaɓa farar ƙasa na shafa wa katanga da gindin bishiyoyi kamar yadda kowane gida ke yi. Na gama da azahar, saura rabin bokiti. Ƙofar gareji a buɗe take kaɗan. Na leƙa na ga bango ya sha zane-zane, ƙasa duk alli da jar tsatsa. Nana ba ta ce in shiga ba, mata ba sa shiga wurin, amma rawar kan amarya ta ɗebe ni. Na ce yau sai an yabe ni a gidan nan. Na zuba ruwa da sabulu, na durƙusa da buroshi na goge simintin nan har yana ƙyalli, na ja kututtura biyu da zan iya ja don in share ƙarƙashinsu, bangon kuma na yi masa shafi biyu don fensirin yana ta fitowa.

Da la'asar ka dawo, sandunan walda a hammata. Ina tsaye a ciki, hannuwana fari fat har gwiwa, baki har kunne. Na ce, "Babo, ka ga garejinka?"

Ka gani. Ka tsaya a bakin ƙofa kana bin bango da ƙasa da ido. Sannan ka ajiye kayan, ka shigo, ka durƙusa ka shafa simintin da tafin hannu, nan da can, ka matsa kusa da bango ka karkata kai ko wani abu zai fito ta ƙarƙashin farin. A nan na gane akwai matsala, tun ban san abin da na yi ba.

"Ya yi kyau," in ji ka. "Tun da aka gina shi bai taɓa yin fari haka ba."

"Babo, na yi ɓarna ne?"

"Nana ta dawo?"

Na ce a'a.

"To jeki ki wanke hannunki sosai, farar ƙasa tana cin fata. Ki canza riga. Yau ba ki shigo nan ba, 'yata. Kin ji ni?"

Ina fita na waiwaya. Na gan ka ka ɗauki buroshin ka tsoma a bokiti, ka shafa wa hannun rigarka, rigar da ka je birni da ita, ka ɗiga a takalminka. Da muka zauna buɗa-baki kai da kanka ka fara labarin. Ka ce ka dawo ka tarar da sauran farar ƙasa, ka ce bari gareji ma ya yi sallah, azumi ya kwashe maka hankali, sai da ka gama ka tuna ba ka kwafi lambobin a takarda ba. Nana ta ajiye cokali ta riƙe baki. Washegari, kafin a sauko daga idi, babu gidan da labarin bai shiga ba.

Kaka gaba ɗaya ka yi ta a garejin nan. Ka yanka farantin ƙarfe, ka lanƙwasa shi a kan guntun ƙarfen layin dogo da ka ajiye tun kana masana'anta, ka ƙera sababbin gaɓoɓi. Waldarka abin kallo ce. Ba ka taɓa jan wuta mai tsawo ba: ɗan yatsa guda a nan, sai ka zagaya ɗaya gefen ka yi ɗan yatsa guda, ka zauna ka jira ya huce don kada zafi ya ja ƙarfen. Ni nake kawo maka gahawa bakin ƙofa, ba na iya haɗa ido da kai, kai kuwa sai ka tsare ni da hira, kana nuna mini yadda bakin walda mai kyau yake jeruwa. Ka daidaita shasin kusurwa da kusurwa yadda kowane shasi ya kamata ya zama, ka sake kiran gayya, aka sauko da bodin. Noti huɗu cikin goma suka ƙi shiga. Mutum takwas suna riƙe da sanduna suna gumi, Amija Ekrem yana cewa a kawo buroshi ko za a shafe ramukan su ma. Aka mayar da bodin kan ganguna. Ka sake yankewa, ka gusa, bodin ya zauna, amma aksul ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya kauce da faɗin yatsa biyu. Ka gani tun a ranar. Ka ce tsohon ƙarfen ya sha wuta sau biyu, na uku zai kashe shi, ga dusar ƙanƙara ta sauko kan dutse. Ka shafa masa jan fenti na hana tsatsa, ka bi da baƙi, ka ɗura baƙin mai a cikin dogayen ƙarafan. Mako guda yana ɗiga a tsakar gida, mako guda Nana tana masifa.

Da bazara ta shigo ka tayar da ita. Wallahi ban manta ƙarar ba, ko yadda ka tsaya da hannu a kan murfin inji kana kallon wani wuri, na san Hamdo kake gani. Ka fito da ita kan hanya bayan ruwan sama, Amija Ekrem yana biye a ƙafa, sai ya tsaya ya nuna laka: sawun taya huɗu maimakon biyu.

"Jama'a, ku zo ku gani. Gabanta Travnik za shi, bayanta Zenica."

A ranar aka raɗa mata Ƙaguwa, sunan kuma ya bi ta har yau.

Duk da haka wace mota ce ta yi wa ƙauyen nan abin da Ƙaguwa ta yi? Shekara goma sha takwas tana sauko da ingirici daga tudu. Duk lokacin da masu kiwo suka hau dutse da tumaki, ita ke kai musu gishiri da gari, ta dawo da cuku. Itacen hunturun tsofaffin da 'ya'yansu suke Jamus ita ke jawowa, ba ka taɓa jira a roƙe ka ba. Ranar da naƙudar 'yata Lejla ta kama ni, hanya ta toshe da ƙanƙara har gwiwa, motar asibiti ta tsaya a gada. Ka ɗaura sarƙa a tayoyi, ka shimfiɗa mini bargo uku a baya, Nana tana riƙe da kaina, kana tuƙi kana ba mu labarin wani injiniya da ya ƙone gemunsa, don kawai kada in ji tsoro. A cikinta ka koya mini tuƙi a filin bayan makaranta. Ka ce, "Riƙe sitiyarin ya ɗan yi hagu. Tana da ra'ayinta, kamar Nana, kada ki yi gardama da ita." Kowace shekara biyu sai ta cinye tayar baya ta dama, kai kuma sai ka canza kana waƙa ƙasa-ƙasa.

In da dariya ce kawai, da na ce ka shanye ta, don kai ma gwanin tsiya ne. Nana ba ta taɓa yin baƙo ba ta ba shi labarin ba. "Wannan tsohon nawa da kuke gani," haka take farawa, ta nuna ka da cokalin gahawa. Kai kuma sai ka gyaɗa kai, har ka ƙara mata gishiri, wai har kana yaba wa kanka kyan shafin. In ka manta inda ka ajiye tabarau, sai ta tayar da zancen farar ƙasa. In ka ce a bi ta hanyar gada ta ce ta tudu, sai ta ce wanda ya shafe awonsa ba zai nuna mata hanya ba. Ina zuba gahawa ina ji.

Amma abin bai tsaya a dariya ba. Mutane suka fara kai aikinsu mai kyau birni, kai sai dai a kawo maka karyayyen garma ko ƙafar murhu. A shekarar 2011 aka tashi yi wa harabar masallaci shinge da ƙofar ƙarfe. Ka yi sati biyu kana zana ƙofar nan a bayan tsohuwar kalanda, da ganyaye a samanta irin na bishiyar da ke harabar. Ka nuna mini, ka nuna wa yara, ka ce ita ce aikin da kake so ka bari. Ranar da kwamiti ya zauna ka sa farar riga ka tafi da kalandar a naɗe. Ba a daɗe ba ka dawo. Daga baya na ji abin da aka gaya maka, cikin ladabi, wai ido yana gajiya, wai ƙofar ɗakin Allah tana son awo, an ba wani daga birni. Wani daga can bayan taron ya ce kada a yi ƙofar da za ta riƙa buɗewa a karkace, aka yi dariya. Ka shigo gida ka ninke kalandar ka sa a ƙarƙashin gwangwanin sukari, ka wuce gareji.

Na bi ka. Na ce, "Babo, yau zan faɗa. Zan je wurin liman, zan gaya wa Nana."

Kana goge wata sifana da ba ta da datti. Ka ce, "Ni a garin nan aka haifi kakana. In an yi mini dariya, gidana nake dawowa in kwanta. Ke in aka yi miki, ina za ki?"

Na ce ai yanzu ina da 'ya'ya biyu a gidan, ba mai korata.

"Ba kora nake ji miki ba. Nana ta fara kiranki 'yarta, ban sani ba ko kin lura. Shekara biyar na yi ina jiran in ji hakan. Ƙofa kuwa ko wa ya yi ta, shiga za a yi a yi salla. Jeki, yara suna kira."

Na tafi. Ga gaskiyar da ta fi yi mini nauyi, tunda na ce yau ba zan ɓoye komai ba: na ji daɗi da ka hana ni. Na fita daga garejin nan zuciyata wasai. Da na so, da na faɗa ko ka hana, don ba ɗaure mini baki ka yi ba. Na kafu a gidan, Nana ta koya mini murza kwaɓi har na fi 'yarta, muna zama mu biyu muna gulmar duk ƙauyen, in ta yi ciwo ni take nema. Ina son wannan zaman, ban so in taɓa shi ba. Kowace Juma'a kana wucewa ta ƙofar da wani ya ƙera, kana sa hannu kana shafa bakin waldarta, ni kuma ina gida ina dafa maka miyar wake da kake so, wai ina biyan ka.

Nusret ya ce a maƙabarta da liman ya tambayi jama'a sau uku ko sun yafe maka, amsar sai da ta cika kwarin. Mu mata muna gida muna zaman addu'a. Da aka shafa, aka zagaya da gahawa, hira ta koma kan alherinka, kowa tana faɗin nata. Can matar Amija Ekrem ta ɗauko labarin farar ƙasa, da ƙauna ta ɗauko shi, ba da ba'a ba. Ɗakin ya yi dariya cikin hawaye. Nana ta yi dariya har tana tari, ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Allah Sarki, shashashana." Na tashi na shiga madafa na tsaya a gaban tukunya. Ashe haka za a riƙa tuna ka, har jikokin jikokinka.

Washegarin addu'ar bakwai, da safe, baƙi sun watse, Nana tana murza kwaɓi a kan teburi. Na zauna a gabanta na gaya mata komai, tun daga rabin bokitin har hannun rigar. Ba ta katse ni ba, wadda ba ta taɓa bari mutum ya kai ƙarshen zance ba. Sandar tana hannunta, ta daina murzawa. Na yi zaton zagi, na ma shirya masa, da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta ce, "Rigar nan ni na wanke ta. Ina wankewa ina zaginsa."

Ta ajiye sandar a kan teburi.

"Shekara goma sha tara ina kiransa mai mantuwa a gaban baƙi. A gaban surukansa. A gaban jikokinsa. Ranar da ya rasu ma da faɗa na raka shi." Ta dube ni, idonta a bushe. "Ke kin sami wadda za ki gaya wa, kin sauke. Ni wa zan gaya wa?"

Ta rufe kwaɓin da ƙyalle ta shiga ɗakinku ta ja ƙofa. Yau kwana tara ba ta yi mini magana ba. Tana cin abin da na dafa, tana amsa sallamar yara, ni ko kallo ban ishe ta ba. Ban ga laifinta ba. Duk shekarun nan ina zaton ni kaɗai kake karewa, ban taɓa lissafa abin da shiruna yake tara mata ba. Da na faɗa kana da rai, da ta yi mini kwana uku tana masifa, ta juya kanka ta yi maka na ɓoyewa, sannan ta dafa maka abin da kake so, a wuce wurin. Wannan damar ni na cinye mata ita.

Zan ba liman takardar nan ya sa a cikin takardar sanarwar masallaci da ake rabawa ranar Juma'a. Amija Ekrem, na san ka fi kowa kuka a maƙabarta, ba ina tuhumarka ba ne, da abin da aka ba ka ka yi wasa. Dattawan kwamiti, waɗanda suke raye cikinku, ku ma haka. Ina dai so ku sani idon Ragib Karalić bai gaji ba, hankalinsa bai taɓa gushewa ba. Ya auna motar nan daidai, wata amarya mai neman yabo ta goge, ya sake haɗa ta da ka, ba shaida ba takarda, ya kuskure da yatsa biyu. Ku nemo mini mai waldar da zai yi haka tsakanin nan da Zenica. Motar ku ci gaba da kiranta abin da kuke so, shi ma sunan yana ba shi dariya. Amma in za a ba da labarin farar ƙasa, a sa sunana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina Nusret, wanda shi ma sai makon nan ya ji, ya kuma rasa wadda zai bi tsakanin uwarsa da matarsa. Ga ƙanwarsa Sabaheta da mijinta da 'ya'yansu. Ga Lejla da Tarik, da suka rasa kakan da bai taɓa ɗaga musu murya ba. Ga iyalan marigayi Hamdo, da masu kiwon kan dutse da za su jira ƙarar motar baɗi ba su ji ba, da jama'ar Bukovik baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ga Nana kuma, wadda ta yi shekara hamsin da uku da shi, ba ni da kalmar da ta isa. Na san Lejla za ta karanta miki wannan. Ban ce ki yafe mini ba tukuna, Nana. Gahawarki tana kan murhu kullum da hantsi, zan ci gaba da ajiyewa a bakin ƙofa.

Allah Ya jiƙanka, Babo. Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka Ya haskaka shi, Ya karɓi shaidar da jama'a suka yi maka. Yadda ka rufa wa marainiya asiri ranar da ba ta da inda za ta, Allah Ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai Shi. Ya sa Aljanna ce makomarka, kai da Hamdo da iyayenku. In lokacin Nana ya yi, bayan tsawon rai da lafiya, Allah Ya sada ku a can, Ya zaunar da ita kusa da kai, ta gaya maka abin da na hana ta gaya maka a duniya. Amin.